Ruwan Laraba da Kabarin Manjo

"Yana barci," in ji Hajiya Ruƙayyatu, ta tare ƙofar ɗakin da jikinta.

Ina tsaye da kwanon kunun gyaɗa, har ya fara ƙona mini yatsu. Tunda aka dawo da mijinta Manjo Dattijo daga asibiti a Kano, likitoci suka ce a je gida a ci gaba da addu'a, ni nake dama masa kunun safe, don ya ce nawa ne kaɗai ba ya tsaya masa a wuya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma ban taɓa tsayawa neman izini kafin in ɗaga labulen ɗakin nan ba. Yau ga matar gida ta tsaya mini ƙiƙam a bakin ƙofa.

"To bari in shiga in ajiye masa, ko zai farka."

"Kawo nan, Mairama."

Ta miƙo hannu. Sai a lokacin kunnena ya kama abin da ya kamata ya kama tun ina zaure. Kwanakin nan duk numfashin Manjo har tsakar gidanmu ake jiyo shi, yana ja kamar ana jan buhu a kan siminti. Yanzu babu abin da nake ji sai ƙarar fanka mai caji.

Na dube ta, ta dube ni. Ta waiga zaure, sannan ta kama mini hannu ta fizge ni ciki, ta tura ƙofa ta sa sakata.

Yana kwance a kan katifarsa ta ƙasa, an juyar da shi gabas. Ta rufe masa idanu, ta ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle, ta miƙe masa ƙafafu, ta lulluɓe shi har ƙirji. Ita kaɗai ta yi duk wannan, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na buɗe baki na fara, "Inna lillahi wa..." sai ta sa tafin hannu ta toshe mini baki.

"Ki ƙarasa a zuciyarki," ta ce. "Yau Laraba."

Ban buƙaci ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Na zauna a ƙasa da kwanon a cinyata.

Wanda ba ɗan garinmu ba ne zai ce mene ne haɗin mutuwa da Laraba. Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kuma noman rani ne rayuwarmu. Daga babban kanal ake sako mana ruwa ta wata ƙofar ƙarfe da ake murɗawa, ya biyo layi ɗaya, ya ratsa gonaki har ƙarshe. Kowane yanki da ranarsa. Mu masu ƙarshen layi, Laraba ce tamu. Matsalar ita ce kafin ruwa ya iso mana, sai ya bi ta jikin tsohuwar maƙabarta, ita kuwa a gangare take. In ruwa yana gudu a layin, ko gwiwa ba za ka haƙa ba sai rami ya tsatso ya cika. Shi ya sa tun iyayenmu, in aka yi rasuwa, abu na farko da ake yi kafin ma a nemo likkafani shi ne a je a rufe ƙofar ruwa, ƙasa ta tsane, a kwashe na cikin ramin, a binne. Wanda ranarsa ta faɗa a ciki, shi ke nan, sai mako ya zagayo. Ba wanda yake magana, don wa zai buɗe baki ya yi jayayya da gawa?

To bana sai Allah ya jarrabe mu. Laraba biyu a jere ana rasuwa, aka rufe mana ruwa. Ga bazara ta kankama, ga shinkafarmu ta yi ciki, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishirwa ko kaɗan. Fangalolin gonakinmu sun tsage har kana iya zura hannu, ganye ya nannaɗe. Maigidana Malam Isiyaku ya daina cin tuwon dare. Kowa a ƙarshen layi ya san in Laraba ta uku ta wuce ba ruwa, sai dai mu kira Fulanin rugar Hamma su sako shanu su cinye karan. Abincin shekararmu ke nan, mu da gidaje masu yawa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Ina son Manjo kamar uban da ya haife ni. Amma kwanakin nan duk sanda na jiyo numfashinsa ta katanga, raina yana cewa, Allah ka ba shi lafiya, in kuma tafiyar ce, Allah ka tsallakar da shi Laraba. Ba ni kaɗai ba, duk matan ƙarshen layi haka suke, sai dai ba mai faɗa wa 'yar'uwarta.

Shi ma ya sani. Ai shi ya raba ranakun.

Manjo tun yana saurayi ya bar garin nan ya shiga soja, daga kurtu ya yi ta hawa har ya zama hafsa. Ya je Laberiya, ya je Darfur, ya yi Maiduguri. Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka a Kaduna ko Kano zai gina gida, sai ga shi da motar kaya a ƙofar gidan ubansa. Ya tarar da mu ana sare-sare a bakin ƙofar ruwa, masu farkon layi suna sha har gonarsu ta zama tafki, mu muna kallon sama. Aka naɗa shi shugaban masu ban-ruwa, a zaton tsoho ne zai zauna a inuwa ya yi ta sasanci. Ashe mun jawo wa kanmu fareti. Da asuba za ka gan shi da takalmin roba da sanda yana bin layi daga farko har ƙarshe. Ranar da ya kama ƙaninsa Baballe ya fasa bakin layi a ranar da ba tasa ba, da hannunsa ya toshe wurin, ya kuma hana shi ruwa a makon da ya biyo baya. Sun yi wata ba su gaisa ba.

A cikin gida kuwa wani mutum ne daban. Wannan da maza suke tsoron ya ɗaga musu gira, shi yake goge wa matarsa zannuwa da dutsen guga na gawayi, yana cewa ba ta iya fitar da kari ba. Ana yi masa dariya a majalisa, ko a jikinsa. In jikoki suka zo hutu, sai ya jera su a tsakar gida yana duba farce da bayan kunne, wanda ya ci jarrabawa ya sami alewa, wanda ya faɗi ma ya samu. Ya taɓa ce mini, "Mairama, na yi wa gwamnati shekarun ƙarfina, su iyalina na rage musu ragowar. Ko guga na yi ban biya su ba."

Abin da yake nufi, Rauda yake nufi. Ita ce 'yarsu ta fari. Wajen haihuwa ta rasu yana Darfur, labari bai same shi ba sai da aka binne ta. Tun da ya dawo, duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya je tsohuwar maƙabarta ya cire ciyawar kabarinta. Kuma babu wanda bai ji daga bakinsa ba, ni, liman, 'ya'yansa, har masu haƙa: "Ban raka ta ba. In tawa ta zo, a kwantar da ni kusa da ita." Shi da kansa ya samo wa gari sabon fili a kan tudu, hanyar Bunkure, inda ruwa ba ya kaiwa, amma mutane suka ƙi wurin. Nisa, ga tsakuwa, ga ba kowa naka a can. Baƙi da jarirai kaɗai ake kaiwa. Bai taɓa matsa wa kowa ba, don ya san shi ma ba can yake son zuwa ba.

"Yaushe?" na tambayi Hajiya da raɗa.

"Ana idar da sallar asuba. Yaron nan ya riga ya kama hanyar Kano ɗauko magani."

Taufiq take nufi, ɗansu namiji, wanda ya baro aikinsa ya zo jinya.

Ta zauna a gefen katifar, ta gyara masa mayafin da ba abin da ya same shi.

"Tun shekaranjiya yake tambayata rana," ta ce. "Da ya farfaɗo sai ya ce, yau wace rana? In ce Litinin. Ya sake farfaɗowa, in ce Talata. Sai ya cije, ya riƙe hannuna kamar zai karya. Mairama, mutumin nan riƙe ransa yake yi da haƙori. Kin ji yadda yake numfashi. Na zauna da shi tun ina yarinya, ban taɓa ganin ya sha wuya irin wannan ba. Da asubar nan ya buɗe ido ya ce, yau wace rana?" Ta dubi fuskarsa. "Na ce masa Alhamis."

"Hajiya."

"Na ce masa Alhamis ce. Ban iya ci gaba da kallonsa ba. Ko tasbihi ban gama ja ba ya tafi."

Idonta a bushe yake ƙamas. Ni ce hawaye yake zubo wa cikin kunu.

"Ni na yi masa ƙarya," ta ce, "ni zan gyara. Baballe ya buɗe muku ruwa tun ɗazu. Mu yi shiru har magariba. In na faɗa bayan magariba, kun sha, a rufe, ƙasa ta tsane cikin dare, da safe a kwantar da shi kusa da yarinyar. Kowa ya sami nasa."

"A wannan zafin? Hajiya, gawa ce fa. Liman in ya ji..."

"Alhakin a wuyana. Ke dai za ki taya ni ko ba za ki taya ni ba?"

Me zan ce? Gonarmu ce ta ƙarshe a layin gaba ɗaya. In na ce to, kamar don cikina na faɗa. In na ce a'a, na bar tsohuwa ita kaɗai da gawar mijinta. Na ajiye kwanon na ce, "Me zan yi?"

Ƙanƙara ta aike ni saye. Na je gidan Uwa mai firji a bakin titi, na ce ta ba ni manya-manya duk abin da take da shi.

"Yau kuma biki ake yi ba a gaya mana ba?" in ji Uwa.

"Zoɓo zan haɗa na sayarwa."

"Ke da ko ruwan sanyi ba kya sayarwa? To Allah ya kawo kasuwa. Ya jikin Manjo?"

"Da sauƙi," na ce.

Muka nannaɗe ƙanƙarar a tsumma muka jera masa a gefe da gefe, muka ɗora a ciki. Muka rufe taga, Hajiya ta kunna turaren wuta. Daga nan aikina ya zama zaman tsakar gida ina tsince shinkafa a faifai, duk wadda ta yi sallama in tare ta in ce ya sami barci, likita ya ce kada a tashe shi. Mata suna cewa alhamdu lillahi, barci ai sauƙi ne, suna juyawa. Duk wadda ta fita sai in ji kamar in bi ta in ce ƙarya nake yi.

Da hantsi Baballe ya shigo. Tunda Manjo ya kwanta, makullin ƙofar ruwa yana hannunsa. Mutum ne mai faɗa, amma yayansa yake so fiye da kowa, duk da abin da ya taɓa shiga tsakaninsu.

"Ina Hajiya? Ya ya kwana?"

Hajiya ta fito ta ja ƙofar a bayanta. "Ya sami barci, Baballe. Rabonsa da barci irin wannan an daɗe."

Ya tsaya ya karkata kai yana saurare.

"Shiru kuwa," ya ce. "Numfashin ya daidaita ke nan?"

"Ya huta," in ji ta.

Ya dubi ruwan da yake gangarowa ta ƙarƙashin ƙofa, ƙanƙara ce take narkewa. Na yi wuf na ce, "Ni na zubar da buta." Ya kalle ni kallon da ban so ba, ya ce in ya farka a gaya masa an buɗe wa 'yan ƙarshen layi tun da asuba, zai ji daɗi. Ya fita yana waige.

Rana ta take. Fanka ta cinye cajinta ta tsaya. Muka koma fifita da mafici, ni a kai, ita a ƙafa, gumi yana zuba. Ƙanƙara ta zama ruwa. Ba na son in faɗi abin da ya fi haka a kan mutumin da nake girmamawa, amma ciwon da ya kashe shi a ciki yake, kuma kafin azahar ni da ita mun san turare ba zai kai mu magariba ba. Ba wadda ta faɗa. Na aika a tambayo mini Malam Isiyaku inda ruwa ya kai, aka dawo aka ce layin ya bushe da yawa, tsagar ƙasa tana shanye shi, ko rabin yankinmu bai kai ba.

Ana kiran sallar azahar muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Taufiq ne, da ledar magani a hannu. Na tare shi a tsakar gida na fara karatuna na yana barci, bai ko tsaya ba, ya ce lokacin allura ya wuce. Hajiya ta tsaya a ƙofa. Ya dube ta, ya shaƙi iskar da take fitowa daga ɗakin, ledar ta faɗi daga hannunsa. Ya ɗauke uwarsa gefe a hankali kamar yarinya ya shiga.

Salatin da ya yi, har masallaci an ji.

Kafin ka ce me, gida ya cika. Baballe ne ya fara shigowa, ya shiga ɗakin, ya taɓa goshin yayansa, ya ga tsummokaran da suka jiƙe. Ya fito idonsa jajir.

"Tun yaushe?"

"Tun asuba," in ji Hajiya.

"Tun asuba. Na tsaya a nan na tambaye ki, kika ce ya huta." Ya juyo kaina. "Ke kuma da butarki. Ba shakka. Gonarku ce a ƙarshe, ko ba haka ba? Kuka ajiye mini ɗan'uwa yana lalacewa saboda shinkafa."

Maganar ta shige ni har ƙashi, don akwai gaskiya a cikinta. Na sunkuyar da kai.

"Ba ruwanta," in ji Hajiya. "Ni na sa ta."

Liman ya shigo, aka gaya masa. Bai yi faɗa ba, ya dai girgiza kai ya ce Allah ya yafe mana, amma maganar kwana ba ta taso ba, yau za a binne shi kafin rana ta faɗi. Baballe ya zaro makulli daga aljihu ya ce yanzu zai je ya rufe ruwa, a kawo injin ban-ruwa a zuƙe ramin, in an yi sauri kafin magariba ƙasar za ta karɓa.

"Ba za a rufe ba," in ji Hajiya.

Kowa ya juyo ya dube ta. Mace ba ta sa baki a maganar kabari a garinmu, balle a gaban liman.

"A kai shi tudu."

"Tudu?" Baballe ya matso. "Wurin baƙi? Mutumin da ya yi shekaru yana faɗa mana inda za a sa shi? Da kunnenki kin ji, da kunnena na ji. Wasiyya ce."

"Na fi ka ji. Ni na haifi wadda take kwance a can."

A nan ne maigidana ya shigo, da laka har gwiwa, tare da wasu mazan ƙarshen layi. Labari ya same su a gona. Malam Isiyaku mutum ne mai kunya, kunyar da takan ba ni haushi. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, ya ce, "Alhaji Baballe, a je a rufe. Mun yafe. Manjo ya fi ƙarfin haka a wurinmu." Sauran suka ce haka ne, a rufe, amma ba wanda ya ɗaga kai. Na ga ɗaya daga cikinsu, mai 'ya'ya ƙanana, yana murza laka a tafin hannunsa har ta zama gari. Ni kuwa ina tsaye a bayan turmi, rabin zuciyata tana cewa madalla da mijina, rabi tana so ta shaƙe shi.

"Ka ji masu ruwan da bakinsu," in ji Baballe.

"Kunya ce ta yi magana," in ji Hajiya. "Isiyaku, ka yafe naka. Na matan da ke gida fa, da yaran? Ka tambaye su?"



Liman ya ce duka biyun babu wanda ya saɓa wa addini, ƙasa duk ta Allah ce, amma magana tana hannun ɗansa. Kowa ya juya ga Taufiq. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ya haɗa kai da gwiwa. Tun da ya fito bai dubi uwarsa ba.

"Umma," ya ce, muryarsa a dishe, "kin bar ni na je Kano ina bin kantin magani, ubana yana kwance a mace. Ko waya ba ki yi mini ba."

"Ban yi ba."

"Me ya sa?"

Sai ta faɗa masa, a gaban kowa, yadda ta faɗa mini. Tambayar rana, da riƙon hannu, da Alhamis ɗin da ta ce. Ba ta rage komai ba, ba ta nemi kowa ya ba ta gaskiya ba. Baballe ya juya baya ya dafa katanga.

Can Taufiq ya ce, "Da kika ce masa Alhamis, ya ce wani abu?"

"Ya ce."

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'To sun sha ke nan. Alhamdu lillahi.' Bai ambaci kabari ba, bai ambaci kowa ba. Daga nan sai kalmar shahada."

Na ji wani daga cikin mazan nan ya ja majina. Rana tana dukan tsakar gida, ba wanda ya matsa inuwa.

Taufiq ya miƙe. Tsayinsa irin na uban ne. Ya je gaban Baballe ya rage murya.

"Baffa, a tura masu haƙa tudu."

"Ka san abin da kake faɗa? Kai za ka amsa in ya tambaye ka."

"Ni zan amsa."

Baballe ya dubi makullin da ke hannunsa, ya dubi ƙofar ɗakin da yayansa yake kwance. Na ɗauka zai fita da gudu ya je ya rufe, don ba mai iya tare shi. Sai ya mayar da makullin aljihu, ya ce da masu haƙa su ɗauki diga, ƙasar can tauri gare ta, shebur kaɗai ba zai yi ba.

Bayan la'asar aka yi masa salla a ƙofar gida. Wasu tsofaffin abokan aikinsa sun iso daga Kano, suka tsaya a sahu da fararen kaya kamar kowa, sai dai ka gane su daga yadda suke tsayuwa. Mu mata muna leƙe ta zaure aka ɗaga makara. Da suka kai mararraba, inda hanyar tsohuwar maƙabarta ta yi hagu, masu ɗauka suka ɗan yi jinkiri, ƙafa ta saba. Sannan suka miƙe dama, suka kama hawan tudu. Hajiya tana zaune a tabarma a tsakar gida, ta ba ƙofa baya, ba ta tashi ta duba ba.

Mata suka cika gidan, ana ta kuka ana ba da haƙuri. Wasu suna gaishe ta suna kallonta ta gefen ido, don labarin ƙanƙara ya riga ya zagaye gari. Ita dai amsawa take yi, "Allah ya ba da lada," idonta a bushe kamar da safe. Na kawo mata ruwa, ta ƙi sha. Na ga tana yawan duban inuwar katanga, sai na gane labarin ruwan take jira.

Na sulale ta bayan gida na bi gefen layi. Na wuce tsohuwar maƙabarta ban iya juya kai na duba ba. Ruwa yana gudu a hankali, ɗauke da ganye da kumfa. Na yi ta tafiya har ƙarshe. Malam Isiyaku daga tudu bai biya gida ba, na same shi da fararen kayan jana'iza ya naɗe wando, yana fasa bakin fangalinmu da fartanya. Ruwan ya shigo yana bin tsagar ƙasa, tana shanye shi, wani yana biyo bayansa. Na tuɓe takalmi na shiga na tsaya har sai da ya rufe mini idon sawu.

Ana shirin kiran magariba na koma. Ban tsaya wanke ƙafa ba. Na ratsa cikin mata na zauna a bakin tabarmar Hajiya, na rasa ta inda zan fara. Ba ta dubi fuskata ba, ƙafafuna ta duba. Ta miƙo hannu ta lakato lakar da ke diddigena, ta murza a tsakanin yatsunta, ɗanya ce sharaf. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta jawo mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa.